Hasken Leza Da Tsamin Jiki: Shawara Ga Ƴan Kokawar Tasawa Da Mayahi

Tambaya: Malam, ina horar da matasa ƴan kokawa a yankin Tasawa. Da kaka ta yi muna zagaya garuruwa har ƙasar Mayahi. Yaro yakan yi karo uku a wuni, washegari jiki ya yi tsami, ko hannu bai iya ɗagawa. Na ga ana tallar wata na'ura mai jan haske a waya, wai da ita ake cire wa ƴan wasan Turai gajiya. Mu haɗa kuɗi mu saya?

Amsa: Sannu da ƙoƙari, maigida. A taƙaice, kada ku saya yanzu. Ga dalilaina.

Magani da hasken leza mai ƙaramin ƙarfi ba ƙarya ba ne. A shekarar 1967 wani likita ɗan ƙasar Hangari, Endre Mester, ya lura cewa ɓerayen da ya aske ya haska musu wannan haske, gashinsu ya riga na sauran tsirowa. Daga nan bincike ya faro. Hasken da ake amfani da shi ja ne, ko wanda ke gaba da ja da ido bai gani, mai tsawon zango tsakanin nanomita 600 zuwa 1000. Ba ya yanka, ba ya ƙona fata irin lezar tiyata. Masana na ganin idan ya ratsa fata, wasu ƙananan sassa na ƙwayoyin tsoka, waɗanda ke sarrafa abinci ya zama kuzari, suna shan hasken su ƙara himma.

A 2008 Ernesto Leal-Junior da abokan aikinsa a Birazil suka gwada shi a dantsen ƴan wasan ƙwallon raga kafin motsa jiki, suka ga waɗanda aka haska sun daɗe suna ɗaga nauyi kafin su gaji. Gwaje-gwaje da dama sun biyo baya. Wasu sun ga amfani, wasu kuwa ba su ga bambanci ba tsakanin na'urar gaske da wadda aka kashe ba tare da sanin ɗan wasa ba. Yawancinsu a kan mutane kaɗan aka yi su. Inda ma aka ga amfanin, ɗan ƙari ne ga wanda ya riga ya ƙoshi, ya yi barci, ya samu horo mai tsari.

Sannan aikin na awo ne. Haske in ya yi kaɗan ba ya komai, in ya zarce amfanin ya ragu. Sai an san ƙarfin na'urar, da daƙiƙun da za ta yi, da gurbin da za a ɗora ta. Baƙar fata irin tamu tana shanye jan haske fiye da fara, don haka awon da aka yi a jikin Bature ba lalle ya dace da ɗan Kanambakashe ko Maijirgi ba. Na'urorin araha da ake talla a waya, da yawa babu mai tabbatar da abin da aka rubuta a jikinsu. Lezar gaske kuma tana iya lalata ido, shi ya sa ake sa tabarau na musamman.

Yanzu mu duba abin da ke damun yaranka. Gajiya iri biyu ce. Ta farko a fili take zuwa: abincin da tsoka ta ajiye ya ƙare, gumi ya kwashe ruwa da gishiri, zafin rana ya ƙara nasa. Ta biyu ita ce tsamin jiki, wanda ke fitowa daga ƙananan tsagewa a zaren tsoka. Yakan fara bayan rabin wuni ko wuni guda, ya tsananta tsakanin awa 24 zuwa 72, ya wuce cikin mako. Tsoka tana gyara kanta ta ƙara ƙarfi, muddin an ba ta lokaci da kayan gyara.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Bayan karo, a ba yaro abinci mai nauyi ba da jinkiri ba: fura da nono, tuwon gero, wake, ƙwai, ƙuli-ƙuli, nama in ya samu. Duk waɗannan suna nan a kasuwannin Tasawa da Mayahi. Ya sha ruwa kafin wasa da bayansa. Ranar da gumi ya yi yawa, a dama ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri a lita guda ta ruwa mai tsabta. Farin fitsari alama ce ruwa ya isa. Ya yi barcin awa takwas, a rage hirar dare da shayi mai ƙarfi. A bar kwana biyu tsakanin horo mai tsanani da wani, a cike su da tafiya, miƙe gaɓoɓi, tausa da gasa jiki da ruwan ɗumi. Wanda ya fito daga aikin gona kada a jefa shi karo uku tashi ɗaya, a ƙara masa nauyi mako bayan mako. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, a yi horo da sassafe ko bayan la'asar.

Ina roƙonka ka sa ido a kan tiramol. Yana rufe ciwo ne kawai, yaro ya ci gaba da yaga tsokarsa bai ji ba, ga jaraba, ga farfaɗiya in an sha da yawa. Ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak, in aka sha su jiki ba ruwa, suna taɓa ƙoda.

Akwai alamun da ba a jira da su. Fitsari ya koma launin baƙin shayi bayan wasa, ko ya ƙi fitowa. Tsoka ta kumbura ta yi tauri. Yaro ya rikice ko ya suma a rana. Ciwon jiki ya zo da zazzaɓi, wanda sau da yawa na cizon sauro ne. Ciwo a wuri guda ya wuce mako. Duk wanda aka gani, a garzaya asibitin gundumar Tasawa ko ta Mayahi. Mai gajiyar da ba ta ƙarewa a auna masa jini, mai sikila kuma sai da izinin likita zai shiga fili.

Jiharku ta Maraɗi ce ta ɗauki takobin farko na gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975 ta hannun Yakuba Ango Kantu, kuma kowane yaronka yana fatan shiga cikin goman da za su wakilci jihar. Wanda ya kai wannan matsayi, in ya samu ƙwararren mai gashin jiki a asibiti da na'ura ingantacciya, babu laifi ya gwada. Kuɗin da kuka yi niyyar haɗawa kuwa, ku zuba su a abinci, ruwa mai tsabta da awon lafiyar yara kafin a buɗe fili. Allah ya ba da sa'a, ya kare su daga rauni.