Ka Ba Firinta Adireshi na Dindindin

Masu shagon buga takardu a Kwanar Ɗangora, Bebeji ko Tudun Wada sun san wannan ciwon kai: an ɗauke wuta, an tayar da janareto, sai firinta ta ƙi amsa kiran kwamfuta, ga ɗalibai sun yi layi suna jiran takardar JAMB. Sau da yawa lafiyarta ƙalau. Rawuta ce ke raba adireshin IP da kanta ta hanyar DHCP, in aka kashe ta aka kunna kuwa tana iya ba firinta sabuwar lamba, kwamfuta tana can tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa.

Sa lambar da hannunka. Idan adireshin rawutarka 192.168.1.1 ne, ba firinta irin 192.168.1.20, muddin ba ta cikin jerin da rawuta ke rabawa. Mask 255.255.255.0, gateway kuma adireshin rawutar. Sanar da kwamfuta sabuwar lambar, ka rubuta ta ka manna a jikin firinta kada a sake ba wata na'ura ita, don na'ura biyu da lamba ɗaya rikici ne. Wani zai ce a yi wa kowace na'ura haka mana. Kul! Laftof da ke yawo tsakanin shago da gida, in ka ɗaure mata lamba, ba lallai ta samu intanet a wata rawutar ba; ita bar ta a DHCP.