Yadda Za Ka Haɗa Sabar Nesa Don Buga Tsoffin Gem Da Abokanka Ta Waya

Masu buga Street Fighter II, Mortal Kombat ko Contra a RetroArch sun san matsalar nan. In kuna zaune tare a Talata Mafara, hotspot ɗaya ya ishe ku. Amma da zarar ɗaya ya koma Bakura, ɗaya Maradun, sai haɗuwa ta ƙi, ga shi kuma hanya ba ta biyuwa da yamma don wasa kawai. A wannan darasi za mu ga dalilin matsalar da maganinta.

Me ya sa wayoyin ba sa ganin juna?

Kamfanonin layi suna tara dubban masu amfani a bayan adireshin IP guda, tsarin da ake kira CGNAT. Wayarka tana iya fita ta nemi wani shafi, amma wani daga waje ba zai iya ƙwanƙwasa mata ƙofa ba. RetroArch kuwa yana jiran abokin wasa ne ta ƙofa mai lamba 55435. Shi ya sa ake buƙatar na uku da kowa zai iya samu, wato sabar nesa.

Hanya mai sauƙi da aibinta

A cikin saitin Netplay akwai Use Relay Server, wanda ke bi da wasanku ta sabar RetroArch a birane irin su Madrid da New York. Kyauta ne, sai dai akwai nisa. Igiyar MainOne da ke ƙarƙashin teku daga Legas zuwa Fotugal ta kai kusan kilomita 7,000, saƙo kuma yana cin kilomita 200 ne a milisakan ɗaya. Zuwa da dawowa milisakan 70 ke nan a kan igiya kaɗai. Waɗannan wasanni suna nuna hoto 60 a sakan, don haka hoto huɗu sun wuce kafin naushinka ya isa wajen abokinka. A wasan faɗa, wannan ya isa a kayar da kai.

Haɗa taku sabar

1. Ku yi karo-karo ku kama hayar VPS mafi ƙanƙanta mai Ubuntu, kuma ku zaɓi wadda ke Legas. Ba ita za ta buga wasan ba, isar da saƙo kawai za ta yi, don haka ba a buƙatar mai ƙarfi.
2. Shiga sabar daga wayarka ta manhajar Termux, ka rubuta: sudo apt install wireguard
3. Ƙirƙiri makullan sirri da umarnin wg genkey, ɗaya na saba, ɗaya na kowace waya. Ba saba adireshin 10.8.0.1, wayar Mafara 10.8.0.2, ta Bakura 10.8.0.3, ta Maradun 10.8.0.4.
4. Buɗe ƙofar 51820 ta UDP, sannan ka saita net.ipv4.ip_forward=1. In ka manta wannan, kowace waya za ta ga saba amma ba za ta ga 'yar'uwarta ba.
5. Kowa ya sauke WireGuard daga Play Store. A AllowedIPs ku sa 10.8.0.0/24, domin wasan kaɗai ya bi ta saba, WhatsApp da TikTok su bi hanyarsu. A PersistentKeepalive ku sa 25, kada layi ya rufe haɗin idan an yi shiru.

Fara wasa

Wanda sabis ɗinsa ya fi ƙarfi shi zai zama mai masauki. Ya kashe Use Relay Server, ya sa kalmar sirri, ya buɗe wasan, sannan ya danna Start Netplay Host. Sauran su shiga Connect to Netplay Host su rubuta adireshinsa, misali 10.8.0.2.

Dole ne RetroArch ɗinku, da core ɗin, da fayil ɗin wasan su zama iri ɗaya sak. Kowace waya tana buga wasan ne da kanta, maɓallan da kuka danna ake aikawa juna. In fayil ya bambanta, mai yiwuwa kai ka ga ka yi nasara, shi ma ya ga ya yi. Mai masauki ya tura wa kowa nasa, shi ya fi.

Kafin ka zargi saba

Daga Termux rubuta ping 10.8.0.2. In lambar tana tsalle, yanzu ƙasa anjima sama, sabis ne ba saba ba: kulle wayar a 4G, dakatar da duk abin da ke saukewa, ko ka sauya wuri. In hoto yana karkarwa, ƙara Input Latency Frames zuwa 1 ko 2. Wasannin Sega, NES da SNES sun fi tafiya lafiya a ƙananan wayoyi.

Kada ka tura makullinka na sirri a guruf, domin duk wanda ya same shi ya shiga cikinku. Su ma tsoffin wasannin suna da masu haƙƙin mallaka, a kiyaye. In wani mataki ya ƙi, fara duba na huɗu, yawanci nan ake tuntuɓe.