Ɗana, Kada Ka Tsinka Kundin Kakanka

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗinsa. Ka ce kun buɗe adakar marigayi kakanka a gida Kafin Dafga, Allah Ya jiƙansa. A ƙarƙashin riguna kun tarar da gafaka biyu. Fatarsu ta bushe, igiyar ɗaya ta tsinke. A cikin ta farko akwai Ishiriniya rubutun hannu, da zayyana ja da ruwan ɗorawa a farkon kowane harafi. A ta biyu kuma waƙoƙin wa'azi ne da ajami. Sannan ka ce wani baƙo daga birni ya ga hotunan a wayarka, ya taya fallaye shida masu ado, sauran kuwa ba ya so. Kana tambaya ko ka sallama.

Ka kyauta da ka yi shawara. Ban ga laifinka ba don ranka ya biya. Damina ta ƙarato, taki ya yi tsada, ga kuɗin makarantar ƙannenka. Duk na sani. Amma ka ɗan saurari baffanka tukuna. Sannu ba ta hana zuwa.

Bari in fara da labarin wata ƙasa mai nisa, don ka gane abin da ke hannunka.

A Faransa akwai wata al'ada da ta yi ƙarfi tun farkon ƙarnin da ya wuce. Sai a ɗauki waƙoƙin wani mawaƙi, a nemo gwanin zane, a ce su haɗu a littafi guda. Ba irin littafin da inji ke zubarwa dubu-dubu ba. Mai zanen da kansa zai zana a kan dutse mai santsi, ko ya karce farantin jan ƙarfe. A shafa tawada, a ɗora takarda mai kauri, a danne, a ɗaga. Falle ɗaya ke nan. Haka za a bi su ɗaya bayan ɗaya. Tun farko an yanke adadin kwafin da za a yi, kuma ba a ƙarawa. A ƙarshen littafin a rubuta lambar kowane kwafi, mai zanen ya sa hannu. Sau da yawa ma sai a ja layi a kan farantin a ɓata shi, don kada wani ya sake bugawa daga baya.

A 1900 wani dillalin zane a Faris mai suna Ambroise Vollard ya fitar da irin wannan littafi. Waƙoƙin Paul Verlaine ne, zanen kuma na Pierre Bonnard. Kwafi 200 kacal aka yi. Da farko ma bai yi kasuwa ba, ya daɗe a ajiye. Yau manyan gidajen tarihi ne ke alfahari da shi. A 1932 Henri Matisse ya yi wa waƙoƙin Stéphane Mallarmé nasa zanen, aka fitar da kwafi 145. Baƙar fata ma ba a bar su a baya ba. A 1950 Picasso ya yi zane a littafin waƙoƙin Aimé Césaire, mutumin tsibirin Martinik. A 1973 kuma Marc Chagall ya ƙawata waƙoƙin Senghor, yana kan mulkin Sanigal a lokacin.

Kada ka ɗauka sana'ar ta tsaya a Turai. Nan kusa da mu, a Zariya, aka horar da Bruce Onobrakpeya, wanda ya yi suna a duniya wajen buga zane da hannu. Ya shiga kwalejin fasaha ta Zariya a 1957, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, masu cewa a koyi dabarar baƙi amma a zana abin gida. Shi ma yana sa lamba da hannu a ƙasan abin da ya buga.

To, me ya sa masu kuɗi ke rububin irin waɗannan littattafai? Don hannun mutum ya taɓa kowane falle. Don ba su da yawa. Don kuma waƙar da adon sun zauna tare, kowanne yana haska ɗan'uwansa. Yanzu ka koma ka dubi gafakar kakanka. Su can suna alfahari da kwafi ɗari biyu. Naka guda ɗaya ne tak a duniya. Ko da wanda ya rubuta shi ya rubuta wani, ba za su zo daidai ba, kamar yadda marina ba ta fitar da zane biyu iri ɗaya sak.

Ka ɗauki falle guda a hankali, ka ɗaga shi saitin hasken ƙofa. Idan ka ga inuwar jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, to ta yi doguwar tafiya kafin ta iso gidanmu. Irin wannan takarda a arewacin Italiya aka riƙa yin ta a da, kuma masana'antar gidan Galvani ta yi fice a kanta a ƙarni na 19. Ta teku take zuwa Tarabulus. Daga nan raƙuma su ɗauko ta, su ratsa Sahara ta Gadamas, har kasuwar Kurmi a Kano. Ka ga dalilin da ya sa mutanen da ba sa wasa da takarda. Ko gefen shafi ba sa bari ya tafi a banza, sai sun cika shi da sharhi da ƙananan baƙaƙe.

Tawadar ma daban ce. Ta allo gawayi ce da ƙaro, ruwa na wanke ta, don haka aka yi ta. Ta takarda kuwa ita ake kira 'yambari. Ana haɗa ta da bagaruwa da kashin maƙera, tana kama takarda ta zauna shekaru aru-aru. Alƙalamin kuma kara ne, marubucin ke feƙe abinsa da wuƙa. Zai fara bin shafi da baƙi. Ya dawo da ja ya sa wasali. Ya sake dawowa da ruwan ɗorawa. Sai an gama wannan a zo kan zayyana, layi ya ratsa layi, da'ira ta shiga da'ira, ba hoton mai rai ko ɗaya. Irinta ce ka gani a allonka ranar saukarka, in ba ka manta ba. Aikin watanni ne, ɗana, kuma da yawansa a hasken aci-balbal aka yi shi, bayan an dawo daga gona.

Ita waƙar da ke cikin gafaka ta farko ba ƙaramar baƙuwa ba ce. Alfazazi ne ya tsara ta, mutumin Andalus, wanda ya rasu a Marrakesh a 1230. Yabon Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. An bi haruffan Larabci ɗaya bayan ɗaya, kowane harafi baiti ashirin, daga nan sunan Ishiriniya ya fito. Ta shafe ƙarnoni ana rera ta a zaurukan ƙasar Hausa, musamman a watan Mauludi. Waƙoƙin ajamin kuwa gadon gida ne. Ta wannan hanya Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta riƙa aika ilimi ƙauyuka a hannun jagororin mata da ake kira jaji, mata suna haddacewa suna koyar da 'yan'uwansu. Da aka samu injin ɗab'i a kamfanin Gaskiya na Zariya, wanda aka kafa a 1945, sai waƙoƙi irin Imfiraji na Malam Aliyu Namangi suka bazu a kasuwanni. A Kano ma sai aka riƙa ɗaukar hoton rubutun gwanaye irin su Sharu Bala na unguwar Gabari ana bugawa da yawa. Wannan alheri ne babba, talaka ya samu abin karatu da araha. Amma bugun kasuwa daban, wanda alƙalami ya taɓa daban. Ka shafa bayan yatsanka a hankali a kan shafin, za ka ji tudun tawadar.

Yanzu mu dawo kan baƙonka. Ban ce mugu ba ne. Wataƙila yana son abin da gaske, zai sa shi a gilashi ya rataye a falo. Amma ka duba abin da zai biyo baya. Kundinmu ba a ɗinke shi yake ba. Fallaye ne a sake, a tsakanin tadarishi, a cikin gafaka. Abin da ke riƙe da jerinsu kalma ɗaya ce da marubuci ke sawa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Ka zare falle shida, ka yanke wannan sarƙa a wuri shida. Kuma kowane falle mai zayyana yana ɗauke da baitoci a gabansa da bayansa. Mai karatu zai zo tsakiyar harafi ya tarar da rami. Shi kuma wanda ya saya ya tafi da ado ba tare da waƙarsa ba. Kowa ya yi asara. A Turai ma akwai dillalan da ke farke irin littattafan da na faɗa maka, su sayar da zanen ɗaiɗai. Masana abin ba sa ganin girmansu, kuma littafin da aka farke darajarsa ta faɗi ke nan har abada. Tsintsiya sai da maɗaurinta take shara.

Ka lura da falle na ƙarshe sosai. A nan marubuci yakan rubuta cewa littafi ya kammala, ya ambaci sunansa, wani lokaci har da sunan wanda ya sa aka rubuta, ya roƙi addu'ar mai karatu. Shi ne shaidar littafin. In ya ɓata, kundin ya zama maraya, ba wanda zai san daga inda ya fito.

Na taɓa ganin abin da rabo ke yi. Wani malami ya rasu a wani ƙauye ta wajen Rogo, ya bar kundi mai kyau. 'Ya'yansa uku mutanen kirki ne, ba wanda ya so ya ci haƙƙin wani. Sai suka ƙirga fallayen suka raba uku. Niyyarsu adalci ce. Bayan 'yan shekaru ɗaya ya yi ƙaura, na biyu gara ta shiga ɗakinsa, na uku ya rasa abin da zai yi da guntun littafi. Don haka, tunda wannan ma gado ne, ba naka kai kaɗai ba, ka tara iyayenka da gwaggwanninka. Ku je wurin malamin da ya san rabon gado. A yi wa kundin ƙima, mutum ɗaya ya riƙe ya biya sauran. Ko kuma, in kowa ya yarda da daɗin rai, a bar shi waƙafi a gidan. Ni dai kasona na bar shi a ciki.

Ni ma na yi kuskure a kan irin wannan, kuma har yau yana damuna. Wata waƙa ce da kawuna ya ba ni, gefenta ya fara cinyewa. Don son in kare ta, na kai wani shago aka rufe fallayen da leda mai zafi. Da farko sun yi kyau. Daga baya takardar ta yi duhu, jan ya dushe, ledar kuma ta ƙi ɓaruwa sai da baƙaƙen. Da na sani ƙeya ce. Shi ya sa nake roƙonka, kada salatif ko gam ko leda su kusanci kundin nan. Maganin ƙwari ma kada ka fesa masa.

Abin da yake so kaɗan ne. Ka naɗe shi da farin ƙyalle mai tsabta, ka mayar a gafakarsa. Adakar ta bar ƙasa, ta bar jikin bango, a ɗora ta kan tebur ko kan duwatsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to ka duba rufin kafin ruwan farko. Da rani ka fito da shi ya sha iska a inuwa, ban da rana. In za ka buɗe, ka wanke hannu ka bari ya bushe, kuma ban da lasar yatsa. Wayar nan taka ma tana da amfani a nan. Ka ɗauki hoton kowane falle gaba da baya, bi da bi, ka tura wa 'yan'uwa biyu ko uku su ajiye.

In kana son wanda zai duba maka shi da idon sani, akwai wuraren zuwa. Ga Gidan Ɗan Hausa a Kano, ga ɗakin karatu na Jami'ar Bayero, ga Arewa House a Kaduna. Duk suna ajiye tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Ka tafi da hotunan tukuna, kundin ya zauna a gida.

Wani abu kuma, tunda na san kana taɓa rubuta waƙa, kuma mahaifiyarka ta ce hannunka ya faɗa a zane. Me zai hana ku yi naku? Alarammomi masu kyawun hannu ba su ƙare ba a ƙasar Ƙaraye. Ka zaɓi waƙa guda mai ma'ana. Ka sayi takarda mai kyau, ka biya marubuci haƙƙinsa ba tare da ciniki mai tsanani ba. A yi kwafi goma, ko ma biyar, kowanne da zayyanarsa. Baduku ya ɗinka musu gafaka. A ƙarshe a rubuta sunan mawaƙi da marubuci da mai zayyana, da shekara, da garin Kafin Dafga, da lambar kwafin. Waɗannan ka iya sayarwa da hannu biyu, ga wannan baƙon ma in yana so. Ka faɗa masa haka cikin mutunci, ka gode masa da ya ga kyan abin.

Maganar taki kuma kada ta hana ka barci. Ka gaya mini buhu nawa gonar gida ke ci, za mu ga abin da Allah Zai hore.

In Allah Ya kai mu Mauludi ina nan tafe. Ka fara bin harafin farko a wurin liman tun yanzu, don ina so in ji ka rera shi daga kundin kakanka, a zauren da shi ma ya rera. Ka gaishe mini da mahaifiyarka da yaran gida duka. Allah Ya yi maka albarka.