Darasin Lissafin Manomi: Tushen Murabba'i da Awon Gona

Ƴan'uwa manoma na Ɗan Isa da kewaye, damana ta kusa. Kafin mu sayi takin zamani, wajibi ne mu san girman gonar da za mu zuba shi. Darasinmu na yau zai koya mana gano tsawon gefen gona idan an faɗa mana girmanta.

Mene ne tushen murabba'i?

Murabba'i fili ne mai gefe huɗu, dukkansu tsawonsu ɗaya, kusurwoyinsa kuma a miƙe suke. Hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce. Wace lamba za mu ninka da kanta ta ba mu 10,000? Ita ce 100, domin 100 × 100 = 10,000. Saboda haka 100 ita ce tushen murabba'in 10,000. Ana rubuta shi haka: √10,000 = 100.

Kuskuren da ke jawo hasara

A ce malamin gona ya umarce mu mu ware rubu'in hekta don gwajin iri. Da yawa daga cikinmu za su ce rubu'in 100 ai 25 ne, sai su auna mita 25 a kowane gefe. Wannan kuskure ne. 25 × 25 = 625 kawai. Rubu'in hekta kuwa 2,500 ne, tushensa 50, domin 50 × 50 = 2,500.

Mu duba abin da kuskuren ke haifarwa. Idan an shuka hatsi da tazarar mita ɗaya tsakanin rami da rami, hekta tana ɗaukar rami 10,000. Masana noma na INRAN da ICRISAT sun koyar da sa giram 6 na takin NPK a kowane rami, wato kimanin cikin marfin kwalbar lemo. Hekta za ta ci kilo 60, rubu'inta kilo 15. Wanda ya watsa kilo 15 a filin mita 25 ya ninka takin sau huɗu. Kuɗinsa sun tafi a banza, kuma idan ruwa ya yi ƙaranci takin yana iya ƙone shukar.

Tushe biyu, amsa ɗaya

Akwai lambobi masu alamar tarawa (+) da masu alamar ɗebewa (−). Ɗauki + kamar kuɗin da ke hannunka, − kuma kamar bashin da ake binka. Idan aka ninka mai ɗebewa da mai ɗebewa, amsar takan zama mai tarawa. Misali, ana binka jika 5 a wuri 3. Idan aka yafe duka, ka ƙaru da jika 15. An ɗebe abin da ke rage ka, sai ya zama ƙari.

Don haka (−50) × (−50) = 2,500, kamar yadda 50 × 50 = 2,500. Ashe 2,500 tana da tushe biyu: +50 da −50. Amma babu gonar da gefenta ya gaza sifiri. Masu lissafi sun amince cewa alamar √ tana nufin tushe mai tarawa kaɗai.

Tsurar lamba

Mutum biyu sun tashi daga bakin rijiya ɗaya. Na farko ya yi taki 50 arewa, wajen Maraɗi. Na biyu ya yi taki 50 kudu, wajen iyakar Jibiya. Mu kira tafiyar na farko +50, ta na biyu −50. Sun bambanta a alƙibla, amma nisan kowa daga rijiyar taki 50 ne. Wannan nisa shi ne tsurar lamba, wato lamba ba tare da alamarta ba. Ana rubuta ta tsakanin sanda biyu: |−50| = 50.

Ga ƙa'idar da za mu riƙe: idan ka ninka lamba da kanta, sannan ka nemi tushen amsar da alamar √, tsurar lambar za ka samu.

Aikin gida

1. Lambun mata murabba'i ne mai girman murabba'in mita 400. Mita nawa ne gefensa? Mita nawa na waya za a saya don kewaye shi?
2. Faɗi tushe biyu na 81.
3. Nawa ne |−7|?

A kawo amsoshi ga malamin ajin yaƙi da jahilci. Allah ya ba mu damana mai albarka.