KYANWA MAI TSARON HATSI: CIWON IDO, MAKANTA DA YADDA ZA A KULA DA ITA

Gabatarwa

Manomin cikin birnin Kano gonarsa tana bayan ganuwa, wajen Ungogo ko Kumbotso ko Gezawa, amma hatsinsa a cikin gari yake kwana. Da kaka ta yi, sai a jera buhunan gero da dawa da wake a ɗaki ko a soro, kuma a nan ɓera yake jiransu. Ɓera yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa kullum, abin da yake ɓatawa da fitsari da kashi kuwa ya fi wanda ya ci. Macensa tana haihuwa bayan kamar mako uku da ɗaukar ciki. Ban da ɓarna, akwai irin ɓeran da ke ɗauke da zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno.

Saboda haka kyanwa ma'aikaciya ce a gidan manomi, kamar jaki ko saniyar huɗa. Da ido da kunne take aikinta. Sau da yawa makantar kyanwa daga cikin gida take somawa, watau daga ciwon da aka ƙyale, ko abincin da bai dace ba, ko maganin da aka ba ta da ka. Wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka tsare idonta, da abin da za ka yi in ta riga ta makance.

Abubuwan da ke kawo makanta

1. Murar kyanwa. Ita ce kan gaba, musamman ga 'yan jarirai. Alamunta su ne atishawa, majina, jan ido da kwantsa. Ɗan kyanwa yakan buɗe ido tsakanin kwana 7 da kwana 14 da haihuwa. Idan cutar ta kama shi a wannan lokaci, ruwan ƙwai yakan taru a ƙarƙashin fatar idon, ya manne ta, ya ci gaban idon. In an yi sakaci sai hakiya ta fito, ko idon ya fashe gaba ɗaya. Ƙurar hunturu da hayaƙin murhu suna ƙara tsananta ciwon.

2. Abinci marar nama. A 1975 masana a Amurka suka gano cewa akwai wani sinadari da ake kira torin, wanda in kyanwa ta rasa shi, fatar nan ta can cikin ido mai karɓar haske takan lalace a hankali. Jikin kyanwa ba ya iya haɗa isasshensa, sai ta samo shi daga nama da kifi da ɓeran da ta kama. Babu shi a tuwo, ko koko, ko shinkafa. Kyanwar da aka tsare a gida ana ba ta ragowar tuwo kaɗai wata da watanni, ganinta zai yi ta raguwa ba tare da idon ya yi ja ko kwantsa ba. Abin da ya lalace ta wannan hanya ba ya dawowa.

3. Maganin wasu dabbobi. Wannan kuskure ya yi yawa a gidajen da ake kiwo. Maganin kaji da aka rubuta enrofloxacin a jikin kwalbarsa, in ya wuce ƙima yana makantar da kyanwa cikin 'yan kwanaki, kuma yawanci ba ta warkewa. Allurar ivermectin ta tumaki da awaki, in ta yi mata yawa, tana kawo layi da makyarkyata da ɗaukewar gani. Farasitamol kuwa kashe ta yake yi, ko da ƙwaya ɗaya ce.

4. Rauni. Faɗan muzurai da dare, jifan yara da dutse ko danƙo, da tsinin kara ko waya.

5. Tsufa. Kyanwar da ta haura shekara goma takan kamu da ciwon ƙoda, shi kuma ya jawo hawan jini. Hawan jini yana ɓamɓare fatar cikin ido, sai a wayi gari ta makance farat ɗaya, baƙin idonta ya buɗe wangalau. Wannan na gaggawa ne. In likitan dabbobi ya same ta a rana ta farko ko ta biyu, akan yi dace wani ganin ya dawo. Akwai kuma yanar ido, da kumburin ido mai zafi saboda taruwar ruwa a cikinsa.

Yadda za ka gane ganinta ya ragu

Kyanwa tana da wayon ɓoye lahaninta, domin ta haddace gidan. Ka lura da waɗannan:

- Tana karo da buhu ko turmi in an sauya masa wuri.
- Ta daina hawa katanga, ko tana laluben ƙasa da ƙafa kafin ta sauka daga dakali.
- Tana tafiya a raɓe da bango, kai a ƙasa.
- Tana firgita in an taɓa ta ba zato.
- Baƙin tsakiyar idonta ya tsaya a buɗe ko da tsakar rana. Na mai lafiya yakan tsuke ya zama kamar zare.

Ga gwaji mai sauƙi. Ka sami ɗan ƙullin auduga, ka sake shi a gabanta daga sama. Auduga ba ta ƙara in ta faɗi. Mai gani za ta bi ta da ido har ƙasa. Ka maimaita sau uku ko huɗu, ta dama da ta hagu, domin wata ido ɗaya ne ya mutu.

Hattara: kyanwar da halinta ya sauya farat ɗaya, tana layi, tana dalalar da yawu, tana kai cizo, kada ka ce makanta ce ka kama ta da hannu. Kyanwa ma tana ɗaukar ciwon haukan kare. In ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a tafi asibiti a ranar.

Taimakon farko a gida

1. Ka tafasa ruwa rabin lita, watau awon ledar ruwan sha guda. Ka zuba gishiri cokalin shayi ɗaya a shafe, ka bari ya huce.
2. Ka naɗe kyanwar a tsohon zane, kai kaɗai a waje, don kada ta yakushe ka.
3. Ka tsoma auduga mai tsabta, ka share idon daga wajen hanci zuwa wajen kunne. Kowane ido da audugarsa. A yi haka sau uku ko huɗu a rana.
4. In idon ɗan kyanwa ya manne, ka ɗora jiƙaƙƙiyar auduga mai ɗumi a kai har kwantsar ta yi laushi. Kada ka ɓamɓare da ƙarfi.
5. Ka ware marar lafiya daga sauran, da kwanonta daban. Ka wanke hannu da sabulu bayan ka gama.

Kada a sa mata kwalli, ko ruwan albasa, ko ruwan sukari, ko garin wani ganye. Kada kuma a ɗiga mata ragowar maganin idon mutane. Wasu daga cikinsu, irin masu ɗauke da dexamethasone, suna zurfafa gyambon ido har ya huje.

In kwana biyu suka wuce ba sauƙi, ko ta rufe idon ta ƙi buɗewa, ko gabansa ya yi fari, ko ya kumbura, sai a kai ta wurin likita. Akwai asibitin dabbobi a Gwale, akwai kuma na Kundila. In aikin ya fi ƙarfinsu, akwai asibitin koyarwa na dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A ɗauke ta a kwando mai murfi ko kwali mai huji, ban da buhu.

Rigakafi ya fi magani

- Ka ba ta nama ko kifi kullum, ko da kaɗan ne. Ba sai mai tsada ba. Guntattakin da ake samu wurin mahautan Kurmi ko kwatar Ƙofar Mazugal sun isa, da kayan cikin kaza. Zuciya tana da yawan torin. Hanta kuwa sau ɗaya a mako, domin yawanta yana da illa.
- Ruwa mai tsabta ya kasance a ajiye kullum.
- A yi mata allurar rigakafin haukan kare daga wata uku da haihuwa. Ka tambayi likita ko akwai ta mura, wadda ake somawa tun tana mako takwas ko tara.
- Kada a bar mai jego da 'ya'yanta a ɗakin girki cikin hayaƙi.
- Fiɗiye muzuru yana rage masa yawon dare da faɗa.
- A ɗauke maganin ɓera da piya-piya daga inda za ta kai. Ɓeran da guba ta kashe a binne shi, domin in ta ci ita ma ta sha guba.

Kula da makauniyar kyanwa

Abin da wasu ke yi shi ne su sa ta a buhu su kai bayan gari su yar. Wannan kisa ne, domin ba ta san wurin ba, ba za ta sami ruwa ba, karnuka kuma suna nan. Kowa ya san irin gargaɗin da addini ya yi a kan wanda ya bar kyanwa da yunwa. Ga shi kuwa riƙon nata ba wuya. Kunnenta yana jin siririn kukan ɓera wanda na mutum ba ya ji, hancinta yana nan, gashin bakinta kuma shi ne sandarta. Cikin 'yan makonni takan koyi zagaya gidan kamar mai gani, in dai an yi mata waɗannan:

1. A fara tsare ta a ɗaki ɗaya na 'yan kwanaki, sannan a bar ta ta fito tsakar gida kaɗan-kaɗan.
2. Kwanon abinci, kwanon ruwa da wurin kwana su zauna a wuri ɗaya, kada a sauya.
3. A rage kai-kawo da kaya. Turmi, randa da buhuna kowane ya koma mazauninsa.
4. A rufe rijiya da randa da bakin masai. A toshe rariya da raga, don kada ta bi ta faɗa kwata ko kududdufi.
5. A tare matakalar bene, kada ta hau soro. A riƙa rufe ƙofar zaure, domin babura suna ratsa lungu.
6. A kula da murhu, garwashi da ruwan zafi.
7. Ka yi mata magana kafin ka taɓa ta. A koya wa yara haka, domin makauniya in ta firgita ba kyanwar Lami ba ce, tana cizo tana yakushi.
8. In ka ɗauke ta, ka sauke ta kusa da kwanonta, inda za ta gane wurin. Kada ka ɗora ta a kan abu mai tsawo.
9. Kada a taɓa yanke mata gashin baki.
10. A ajiye mata tsohon daro da yashi nesa da hatsi, a zubar kullum. Mace mai ciki kada ta yi wannan aiki, saboda akwai cutar da ke cikin kashin kyanwa mai illa ga ɗan tayi.

In idon ya mutu amma yana ta zafi da ruwa, likita zai iya cire shi ya ɗinke wurin. Kyanwar takan sami hutu, ta koma cin abinci.

Hatsinka fa?

Wata makauniyar tana kama ɓera da ji kawai, warinta ma yana sa ɓera ɗari-ɗari da ɗakin. Amma kada ka bar mata tsaron ita kaɗai. Ka ɗora buhuna a kan katako, ka bar rata tsakaninsu da bango yadda mutum zai iya zagayawa. Ka toshe ramuka da siminti, ka share zubabben hatsi, ka ɗana tarko a inda ƙafarta ba za ta kai ba. Wake da hatsin ci a zuba su a duro mai murfi. In za ka kawo sabuwar kyanwa, ka zaɓi ƙarama mai idanu garau, ka raba su ɗaki na mako guda kafin su haɗu.

Ka tuna

- Kwantsa yau, hakiya gobe. A wanke ido da wuri.
- Tuwo kaɗai ba ya riƙe idon kyanwa.
- Maganin kaza na kaza ne, na tunkiya na tunkiya.
- Makanta ta farat ɗaya, a kai asibiti a ranar.
- Makauniya a bar ta a gidan da ta sani.

Don ƙarin bayani, sai ka tuntuɓi malamin gona na KNARDA da ke kula da yankinku, ko malamin dabbobi mafi kusa da kai.