Yadda Ake Neman Ilmin Haɗa Kwamfuta da Kasuwanci a Jami'a

Duk wanda ya san ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ya san cewa arzikinta yana ga noma da kiwo da fatauci, domin masara da dawa da auduga da ake lodi zuwa Ɗandume da Funtuwa, da dabbobin da ake kaiwa kasuwar Sheme, dukiya ce mai yawa. Amma har wa yau mafi yawan hisabinta yana cikin kan dillali, ko cikin ɗan littafin da ruwan damina ke iya jiƙawa. Akwai fanni a jami'a wanda maƙasudinsa shi ne tsara irin wannan hisabi a kwamfuta, yadda mai dukiya zai san abin da ya shiga, da abin da ya fita, da wanda yake bi bashi, kafin ya yanke shawara. Ga tartibin da ya kamata ɗalibi ya bi in yana nufin wannan fanni.

Mataki na farko: fahimtar fannin

Wajibi ne ɗalibi ya sani tun da fari cewa wannan ilmi rabi biyu ne, kuma rabi ɗaya ba ya wadatar da mutum. Wanda ya iya rubuta manhaja alhali bai san yadda riba ke samuwa ba, zai gina abin da ba mai saye. Wanda kuwa ya san ciniki bai san na'ura ba, zai dawwama yana jiran wani. Asalin al'amarin ma ya girmi kwamfuta, gama aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, umurni ce da rubuta bashi da kafa masa shaidu. Saboda haka sanin mu'amala shi ne asali, na'ura kuwa hadima ce.

Mataki na biyu: shiri tun daga sakandare

Sharaɗin shiga wannan fanni a jami'a shi ne kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, cikinsu har da Ingilishi da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu. Mai nufin shiga ta ƙofar kwamfuta lalle ya riƙe Fiziks da kyau, mai nufin ƙofar kasuwanci kuma ya riƙe ilmin tattalin arziki. Wanda makarantarsa ta ba shi damar haɗa su, to, ya haɗa. Tun a wannan lokaci ya nemi lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, ya tabbatar sunansa da ranar haihuwarsa sun zo daidai a kowace takarda, domin saɓanin harafi guda yakan jawo wahalar watanni.

Mataki na uku: jarrabawar JAMB da zaɓen jami'a

Jarrabawar darussa huɗu ce, maki 400, Ingilishi tilas ne a ciki, kuma a kan kwamfuta ake yin ta. Don haka wanda bai saba da na'ura ba ya nemi inda zai riƙa gwaji tun da sauran lokaci. Jami'o'in da ke kusa su ne ta Ahmadu Bello a Zariya, wadda aka kafa a 1962, da ta Bayero a Kano, da Al-Qalam da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, da ta Tarayya da ke Dutsinma, wadda aka kafa a 2011. A ƙarshen 2022 Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da sabon manhajin karatu wanda ya ware ilmin kwamfuta ya zama babban fanni mai rassa, cikinsu akwai reshen tsarin bayanai, wanda ya fi kowanne kusa da abin da muke magana a kai. Sai dai ba kowace jami'a ke da kowane reshe ba, saboda haka a duba kundin JAMB na shekarar kafin a zaɓa. In ba a sami wannan reshe ba, a ɗauki kimiyyar kwamfuta, ko akanta, ko gudanar da kasuwanci, a cike ɗaya rabin da ƙoƙarin kai.

Wanda makinsa bai kai ba kada ya yanke ƙauna, domin Jami'ar Ahmadu Bello tana da makarantar share fage a Funtuwa, inda ake karatun IJMB, wanda ke kai mai nasara aji biyu kai tsaye.

Mataki na huɗu: guzuri

Ɗalibi ya nemi tallafin hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Katsina, ya kuma bincika asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara aiki a 2024 domin ɗaliban makarantun gwamnati, ba ruwa a cikinsa, kuma ba a fara biya sai bayan hidimar ƙasa da shekara biyu. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba makawa daga gare ta, ko da ta hannu ce, muddin batirinta yana riƙe wuta.

Mataki na biyar: abin da za a ƙware a kai

Darussa suna da yawa, amma huɗu su ne ginshiƙai. Na ɗaya lissafin kuɗi, musamman ƙa'idar rubuta kowace mu'amala a gefe biyu, wadda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa a Italiya a 1494, kuma a kanta manhajojin akanta suke tafiya har yau. Na biyu rumbun bayanai da harshen SQL da ake yi masa tambaya da shi. Na uku Excel, tare da harshe guda na rubuta manhaja kamar Python, a san shi sani na haƙiƙa kafin a taɓa wani. Na huɗu, wanda ɗalibai suka fi rainawa alhali shi ne zuciyar fannin, nazarin tsarin aiki, wato zama da mai sana'a a saurare shi, a zana yadda kaya da kuɗi ke yawo a hannunsa, kafin a rubuta layi ɗaya.

Mataki na shida: gwaji a kasuwar gida

A hutun farko ɗalibi ya je wurin wani ɗan hatsi ko mai sayar da taki cikin danginsa, ya nemi izini cikin ladabi, ya kwafe littafinsa na wata guda. Ya raba shi gida huɗu: masu kawo kaya, kayan da ke sito, masu saye, da basussuka, tare da la'adar dillali da kuɗin dako da na mota a kan kowane buhu. A nan zai tarar cewa sau da yawa ribar da ake zato ta narke cikin ƙananan kuɗaɗen da ba a rubutawa, kuma ranar da ya nuna wa mai kaya wannan da alƙaluma, ranar ce zai fahimci amfanin karatunsa.

Mataki na bakwai: koyon aiki da kundin kammalawa

Idan lokacin SIWES ya zo, wato watannin da ɗaliban fannonin kimiyya ke yi a ma'aikata, ya nemi inda ake aiki da bayanai da gaske, banki ko kamfani ko asibiti, ko da alawus ɗin kaɗan ne. Kundinsa na ƙarshe kuwa ya gina shi bisa halin ƙasarsa. A watan Satumba na 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni ba sabis. A farkon 2023 kuma ƙarancin takardun kuɗi ya tilasta wa mutane taransifa da zuwa wurin masu POS. Darasin da ke cikin waɗannan biyu shi ne, tsarin da zai amfani mutanenmu dole ya yi aiki a waya ba tare da intanet ba, ya adana bayani har sabis ya dawo, ya yi magana da Hausa, kuma wutar sola ta ishe shi.

Daga ƙarshe, ɗalibi ya tuna cewa wanda ya riƙe bayanan mutane ya riƙe amana. Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta hana amfani da su ta hanyar da ba ta halatta ba, a yankin da ake garkuwa da mutane kuwa, fallasa yawan dukiyar wani yana iya jefa rayuwarsa cikin haɗari. Saboda haka ya sa kalmar sirri ga kowane rumbu, ya taƙaita masu iya buɗe shi, ya ajiye kwafi a wuri na biyu, kuma kada ya nuna wa kowa hisabin wani, ko malaminsa ne, sai ya cire sunaye.