DARASI: ASIBITI DA UNGUWA SU HAƊA KAI SU SAN BUKATAR JAMA'A

A garin Filinge akwai babban asibitin gunduma. A garuruwa kamar Shikal da Bonkuku da Damana akwai ƙananan asibitoci, waɗanda ake kira CSI. A kowanensu akwai babban littafi. Duk wanda ya zo neman magani, likita yana rubuta shekarunsa da garinsu da ciwon da ya kawo shi.

Amma wannan littafi bai san kowa ba sai wanda ya zo. Tsohuwar da ke kwance a ɗaki ba ta cikinsa. Mai cikin da ta rasa amalanken da zai kai ta awo ba ta cikinsa. Yaron da tamowa ta kama, aka ce iska ce, shi ma ba ya ciki. Sau da yawa wanda bai zo ba ya fi wanda ya zo bukata.

Kuma cuta da yawa daga gida take tasowa: ruwan sha marar tsabta, rashin salanga, kududdufi a bayan danga, hayaƙin murhu cikin ɗaki. Likita ba ya ganin waɗannan daga kan kujerarsa. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba masa. Don haka sai asibiti da mutanen unguwa su haɗu, su bi gida gida, su tambaya, su ƙidaya, su rubuta.

Aikin ba baƙo ba ne

Tun cikin shekarun 1960 aka fara wannan haɗin kai a jihar Maraɗi. Gari kan zaɓi mutum biyu a koya masu aikin agaji, a ba su akwatin magani, a kuma horar da ungozomomi. Daga baya abin ya bazu cikin ƙasa.

Da irin wannan aiki aka ci ƙarfin kurkunu. A kowane gari an sa mutum yana rubuta waɗanda suka kamu, ana raba ƙyallen tace ruwa. A shekarar 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa babu kurkunu a Nijar.

A watan Satumba na 2010, a gundumar Filinge aka fara yin sabuwar allurar rigakafin sanƙarau a Nijar, ga masu shekara 1 zuwa 29. Da aka gama, ma'aikata ba su tsaya ga lissafin da ke kan takarda ba. Sun bi gidaje a jihar Tillaberi suna tambaya wa ya samu, wa bai samu ba.

Su wa ke yin zagayen?

Majo, wato shugaban CSI, shi ke kawo tambayoyin lafiya. Mai gari ko mai unguwa shi ke tara jama'a, ya sanar da ranar zagaye. Kwamitin kula da asibiti yana tsakani. Sai rele, wato ɗan gari ko 'yar gari da aka horar don aikin lafiya, da ungozoma.

Lalle ne a sa mace cikin masu zagaye. A ƙasar Kurfai maza da yawa kan tafi cin rani bayan kaka, mata ke riƙe da gida. Kuma akwai maganar da mace ba ta faɗa wa namiji.

Sai mai riƙe da kaye da bik. Wannan aikin ɗan makarantar yaƙi da jahilci ne. Ya san hanyoyin unguwa, ya san wane ne baƙo, kuma mutane ba sa jin nauyinsa.

Me ake tambaya?

Kowane gida yana da layinsa cikin kaye. Ga abin da ake rubutawa:

1. Mutum nawa ke kwana a gidan? Yara nawa ne ba su kai shekara 5 ba?
2. Akwai mai ciki? Ta fara zuwa awo?
3. Yara suna da katin rigakafi? A duba katin da ido.
4. Sange nawa ke akwai, wato gidan sauro? Wa ya kwana ciki jiya?
5. Ina ake ɗibar ruwan sha: famfo, rijiya ko tabki?
6. Akwai salanga? Tana da marufi?
7. Ɗaki yana yoyo? Bango ya tsage? A ina ake girki?
8. Akwai tsoho, ko naƙasasshe, ko mai tari da ya wuce mako 2?
9. Wanda ya yi ciwo bai je asibiti ba, me ya hana shi?

Tambaya ta tara ita ce mafi nauyi. Wani nisa ya hana shi. Wani kuɗi. Wata kuwa maigida ba ya nan, babu mai ba ta izini. Wata ba ta ji ba cewa tun 2006 hukuma ta yi dokar duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta. Kowace amsa da irin maganinta.

Idan nisa ne, akwai ƙa'ida. Mutanen da ke cikin kilomita 5 daga CSI su ke zuwa da kansu. Daga nan zuwa kilomita 15, ma'aikata ke fita su same su a ranar da aka sa. Rugar Filani ko zangon Buzaye da ba a rubuta ba, ana iya mantawa da su ranar fita.

Haka ma baƙi. A shekarun nan rashin zaman lafiya ya kori iyalai da yawa daga garuruwansu na arewacin jihar Tillaberi. Wasu sun sauka gidajen dangi, wasu a rumfuna a bayan gari. Su ma sai a ba su layi.

Awon hannu

Rele yana ɗauke da igiyar awo mai launi uku. Ana naɗa ta a tsakiyar damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5. Kore, lafiya lau. Rawaya, tamowa ta fara. Ja, wato ƙasa da santimita 11 da rabi, haɗari ne. Yaron da awonsa ya nuna ja, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, ba a jiran ƙarshen zagaye. A kai shi asibiti a ranar.

Bayan zagaye

Idan an gama sai a haɗa lissafi, a kira taro a ƙofar mai gari. Mai kaye ya karanta jimilla a gaban kowa. Ba a kiran sunan gida. Sirrin ciwon mutum amana ne. Wanda ya ji sirrinsa a kasuwa ba zai sake buɗe ƙofa ba.

Daga nan jama'a su zaɓi bukatu biyu ko uku da suka fi matsa masu. Ba a ɗaukar duka a lokaci ɗaya. Sai a raba aiki. Cike kududdufi da haƙa salanga na unguwa ne. Rigakafi da awon ciki na asibiti ne. Gyaran famfo kuwa a kai maganarsa wurin hukuma, da lissafi a hannu.

Lokacin da ya fi dacewa da zagaye shi ne bazara, kafin shuka. Da damina ana raba wa yara masu wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin masassarar cizon sauro, wata wata, daga Yuli zuwa Oktoba. Masu rabawa suna bin gidajen da suka sani. Yaron da ba a san da shi ba yana iya rasa rabonsa.

Ba a yi wa mutane alkawarin abin da babu. Kuma bayan shekara a sake zagaye, a gwada sabon kaye da tsohon.

Lissafi

A ce unguwa tana da gida 60. Gida 24 suna da salanga. Gida nawa ne ba su da ita? Idan samari suna haƙa 3 a kowane wata, wata nawa za su yi kafin su gama?

Tambayoyi don tattaunawa a aji

1. Me ya sa littafin asibiti bai isa ya nuna bukatar gari ba?
2. Don me ake sa mace cikin masu zagaye?
3. Me ake yi idan awon hannu ya nuna ja?
4. Kowane ɗalibi ya ja layi cikin kayensa, ya amsa tambayoyin nan tara a kan gidansu, ya zo da su darasi na gaba.